ƊALIBANMU NA JAMI'A DA MURADUN CI GABA MAI ƊOREWA

Jawabin da kwamitin ilmi ya karanta a taron shekara na ƙungiya. Mun buga shi a nan saboda 'yan'uwa da ke wajen biɗa, waɗanda ba su samu halarta ba.



Iyayenmu dattawa, ranku shi daɗe. Malamai, Allah shi gafarta maku. Iyayenmu mata, barkanku da ƙoƙari. 'Yan'uwa da suka taso daga Yamai, da Abijan, da Kano, da Legas, da sauran wurare masu nisa, sannunku da hanya. Muna gode wa Allah da ya sake tara mu lafiya, muna kuma gode wa shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama.

Maganar da mu ka zo da ita yau a kan 'ya'yanmu ce da ke karatu a jami'a, da wani darasi da a ke koya masu, da kuma rabon da ya faɗo a kanmu cikin wannan koyarwa. Cikin 'yan kwamitin nan akwai masu koyarwa a ƙananan makarantu, akwai kuma masu koyar da manyan ɗalibai. Saboda haka in an ji mun ambaci laifi, to, da mu a ciki.

ABIN DA YA KAWO MAGANAR

A babban hutun da ya wuce muna zaune a gida bayan la'asar, sai ga wani yaronmu ya zo gaisuwa. Yana shekara ta uku a jami'a, yaro ne mai ladabi, mai ƙoƙari. Wani dattijo ya ce masa, "Ɗana, wai me a ke koya maku can?" Yaro ya ce a bana sun yi darasi a kan muradun ci gaba na duniya, guda goma sha bakwai. Ya jero su tas da Faransanci, kowane da lambarsa, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Sa'an nan ya fassara mana waɗansu da Hausa. Kowa ya ji daɗi, aka sa masa albarka.

Akwai wata tsohuwa a gefe tana saurare. Tana cikin matan da su ka yi aikin dutse a zamanin furoje. Sai ta ce, "Jikana, dutsen nan da mu ka ɗauka a ka mu ka jera bayan gari, a lamba nawa ya ke cikin lissafin naku?" Yaro ya yi shiru. Can ya ce, "Kaka, wane dutse?" Ashe bai san cewa hannu ne ya jera duwatsun da ke kan tudun bayan gari ba. Tun yana ƙarami ya ke ganinsu, ya ɗauka haka Allah ya ajiye su. Itatuwan da ke wurin kuwa ya zaci daji ne ya fito da kansa.

An yi dariya a wurin, amma mu da mu ka koma gida ba mu yi barci da daɗi ba. Yaron nan ba shi da laifi. Ya koyi abin da aka ba shi, ya kuma riƙe shi da kyau. Mu ne ba mu taɓa kama hannunsa mun kai shi tudun nan mun ce masa ga yadda wurin ya ke a 1984, ga waɗanda su ka gyara shi ba.

MENE NE WAƊANNAN MURADU?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bayyana wa iyayenmu abin da a ke nufi, don kada ya zama muna magana a bayan kunnensu.

A watan Satumba na 2015 ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya, har da Nijar, su ka taru a birnin Niyok na Amurka, su ka amince da waɗansu manufofi 17 da su ke so a cim ma kafin ƙarshen 2030. Da Hausa a kan ce masu muradun ci gaba mai ɗorewa. Ɗalibai da ma'aikata kuwa su kan gajarta sunan da haruffan Faransanci, su ce ODD. A ƙarƙashin manyan muradun nan 17 akwai ƙananan sassa 169. Kafin su an yi waɗansu guda 8, muradun ƙarni, daga 2000 zuwa 2015.

Ga kaɗan daga cikinsu. Na 1, kawar da talauci. Na 2, kawar da yunwa. Na 3, lafiya. Na 4, ilmi mai kyau ga kowa. Na 5, kada a danne haƙƙin mata. Na 6, ruwa mai tsabta. Na 7, wutar lantarki da makamashi. Na 8, aikin yi na mutunci. Na 13, maganar sauyin yanayi. Na 15, kare ƙasa da itatuwa da hana ƙasar noma mutuwa. Na 16, zaman lafiya da adalci. Na 17, haɗa hannu tsakanin ƙasashe.

Ita kalmar "mai ɗorewa" ta bazu ne daga wani rahoto da aka fitar a 1987, a ƙarƙashin jagorancin wata mata 'yar ƙasar Norwe, Gro Harlem Brundtland, sa'an nan aka ƙarfafa ta a babban taron Riyo na ƙasar Birazil a 1992. Ma'anarta a taƙaice: mutanen yau su ci, amma su bar wa na gobe abin da za su ci. Iyayenmu, wannan ai ba baƙon zance ba ne gare ku. Duk mai gandu ya san ba a cinye iri. Duk wanda ya gaji gona daga ubansa ya san amana ce da zai miƙa wa ɗansa.

Shin za a cim ma muradun nan kafin 2030? Ita kanta Majalisar ta faɗa a rahotonta na 2024 cewa kashi 17 cikin ɗari ne kawai na sassan da aka auna ke tafiya yadda aka tsara. Saboda haka kada kowa ya zauna yana jiran ranar da mota za ta sauke mana muradu a tasha. Amfaninsu gare mu shi ne, da su hukumomi da ƙungiyoyin agaji ke tsara aikinsu da kuɗinsu, da su kuma a ke horar da yaran da za su riƙe ofisoshin gona da daji da ruwa nan gaba. Yadda aka koya masu yau, haka za su zo su yi mana aiki gobe.

JAMI'A TA MATSO KUSA

A da, yaron da ya ci jarrabawar shiga jami'a sai ya tafi Yamai, jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni, masanin hasken rana. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ta Tawa tana ɗauke da sunan Farfesa Jibo Hamani, malamin tarihi, wanda ya rubuta littafi a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Watau yanzu yaro na iya tasowa daga ajinsa da safe, ya yi azahar a Keita.

Cikin muradi na 4 akwai sashe na 4.7, wanda ya ce a koya wa kowane mai karatu ilmin ci gaba mai ɗorewa. Ana kuwa koyarwa, a Nijar da ƙasashen waje. Amma mu da ke cikin sana'ar mun san yadda abin ya kan kasance. Malami ya zo da takarda mai akwatuna 17 masu launi-launi, ya karanta, ɗalibai su rubuta, su haddace, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa. Misalan da ke cikin littattafan sau da yawa na ƙasashe ne masu nisa. Mota da mai da kuɗin guzuri na fita da ɗalibai zuwa karkara ba kullum a ke samunsu ba. Ƙarshenta yaro ya fita da kalmomin da a ke neman aiki da su, alhali bai taɓa tsayawa a bakin ƙorama ya ga yadda ruwa ke cin gona ba. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, abin da a ke karantawa a takardar nan an yi shi da hannu a ƙasarmu shekara talatin zuwa arba'in kafin a rubuta muradun. Masana daga ƙasashe masu nisa sun zo sun duba, sun koma sun yi rubutu. Namu yaran ne ba su sani ba. Bari mu kawo wurare uku.

NA FARKO: KWARIN MAJIYA

Bayan farin 1973 da 1974, iska ta addabi kwarin Majiya a ƙasar Buza. Ta kan kwashe ƙasar sama, ta binne shuka tun tana ƙarama, har mutum ya yi shuka sau biyu ko uku. A 1975 ma'aikatan daji na Buza tare da ƙungiyar CARE su ka fara dasa dogon yaro, wanda waɗansu ke kira bedi, layi biyu-biyu a gicciye da hanyar iska, tsakanin jeri da jeri kamar mita ɗari. Mutanen garuruwa ne su ka haƙa ramuka su ka dasa, aka sa masu tsaro don dabbobi. Aka yi ta ƙarawa shekara da shekaru, har tsawon layukan ya kai ɗaruruwan kilomita. Da masu bincike su ka auna, sun tarar hatsin da ke bayan itatuwan ya fi na fili yawa. Da itatuwan su ka girma aka fara sassabe rassansu, aka samu itacen girki da na gini.

A nan ɗalibi zai ga muradi na 2 da na 13 da na 15 a gona guda. Zai kuma tarar da tambayar da ba ta cikin takardarsa: itacen nan na wa ne? Na mai gonar da inuwa ta ci masa kunya biyu ko uku? Na garin da ya dasa? Ko na hukumar daji? An daɗe ana wannan muhawara kafin a tsara yadda za a yi sara da rabo. Dattawan Majiya da su ka zauna zaman nan sun fi kowane littafi sanin yadda aka yi.

NA BIYU: KEITA

Shekarar 1984 ba sai mun tuna wa kowa ba. Kakanninmu sun ba mu labarin Kakalaba ta 1914, mu kuwa mun ga ta 1984 da idonmu. A watan Mayu na shekarar aka yi babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada, zamanin Shugaba Seyni Kunce. A shekarar ce kuma aka fara aikin da kowa ya sani da furojen Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da masanan hukumar FAO mai kula da abinci da aikin gona, da abincin hukumar PAM da a ke biyan ma'aikata da shi. Daga baya, cikin shekarun 1990, aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak.

Hikimar aikin ita ce a tare ruwa tun daga inda ya faɗo. A kan tudu, inda ƙasa ta zama fako, aka yi kunyoyi masu tsawo aka danne su da dutse. A jikin tsaunuka aka haƙa ramuka aka dasa itatuwa. A cikin ƙoramu aka gina shingaye na dutse don rage ƙarfin ruwa, aka yi madatsai. Aka kafe tuddan yashi, aka haƙa rijiyoyi, aka yi hanyoyi da ɗakunan karatu da na shan magani. A lissafin da aka yi daga 1984 zuwa farkon shekarun 2000, an dasa itatuwa kusan miliyan 18, an kuma farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 30,000.

Su wa su ka yi wannan aiki? Mafi yawansu mata ne, domin mu maza mun tafi biɗa. Wannan gaskiya ce da ya kamata mu faɗa a gaban iyayenmu mata. Da goyo a baya su ka ɗauki dutse a tsakiyar rani. Duk ɗalibin da ke son ya fahimci muradi na 5, ya je ya zauna da su. Ya tambaye su nawa ne cikinsu su ka samu ko da taki ɗaya na ƙasar da su ka raya. Amsar da zai ji za ta koya masa abin da malami ba zai iya rubutawa a allo ba.

NA UKU: TASSA DA ALBASA

Ba kowane gyara ne ya zo da manyan motoci ba. Tassa dabara ce ta manomi da fartanyarsa. A haƙa ƙananan ramuka a fako da rani, a zuba taki, gara ta shiga ta buɗe ƙasa, ruwan farko ya taru a ciki, a shuka. A ƙarshen shekarun 1980 waɗansu manoman Illela su ka je Yatenga a Burkina Faso su ka ga yadda aka kyautata dabarar, su ka dawo da ita, ta bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci, tare da rabin wata. Har ta kai ga a na sayen fakon da a da ba wanda ke kallonsa. Haka kuma sassaben zamani, watau barin tohon itace a gona a riƙa gyara shi, wanda ya yi ƙarfi a ƙasar Maraɗi tun daga shekarun 1980, ya mayar da itatuwa a miliyoyin hekta a kudancin Nijar. A 2018 aka ba manomin nan na Yatenga, Yakuba Sawadogo, wata babbar lambar girma ta duniya a ƙasar Suwidin saboda irin wannan aiki. Bai yi karatun jami'a ba.

A ƙasar Madawa kuwa ga kwarin Tarka, inda a ke noman rani da rijiyoyi da injin ban ruwa. Albasar nan da duniya ta sani da sunan Galmi tana zuwa har Abijan da Akara da Kwatano. 'Yan'uwanmu da ke can su na ganinta a kasuwa. A nan ma akwai tambayoyi ga ɗalibin tattalin arziki da na aikin gona. Me ya sa kuɗin buhu ke faɗuwa lokacin girbi, ya tashi bayan 'yan watanni? Nawa ne ke ruɓewa a rudu kafin a sayar? Tsakanin mai gona da dillali da mai mota, wa ya fi cin riba? In kowa ya sa inji, ruwan ƙasa zai ishe mu har zuwa jikoki? Kowace ɗaya daga cikinsu ta isa aikin bincike na shekara.

ABIN DA YA KAMATA SU JI BA ƁOYE

Ba mu ce a kai yara su yi ta yabo ba. Wanda aka nuna wa nasara kaɗai bai koyi komai ba. A nuna masu shingen da ruwa ya fasa ba a gyara ba tun da furoje ya tashi, a tambaye su don me. A gaya masu cewa inda aka saba ɗaukar dutse don a samu tiyar abinci, ran da abincin ya tsaya aikin ma ya kan tsaya. A gaya masu cewa waɗansu wuraren da aka gyara su ka zama gonaki, da can makiyaya ne ke kiwo a ciki, kuma rigima ta kan taso. Tun 1993 Nijar na da dokar ƙasar karkara, da kwamitocin ƙasa da a ke kira COFO. Ɗalibin shari'a ya zo ya ga yadda dokar ke aiki a gaban mai gari, ranar da manomi da makiyayi su ka zo da ƙara. Wannan shi ne muradi na 16 a ƙauye.

A kuma sa su yi lissafi. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 5. A ta 1988 sun haura miliyan 7, a ta 2001 miliyan 11, a ta 2012 miliyan 17, jihar Tawa kaɗai tana da fiye da miliyan 3. Gonar da ta ciyar da gida ɗaya a zamanin kakanninmu an raba ta gida biyar ko shida. Ƙasar da aka farfaɗo ta taimaka ƙwarai, amma bakuna sun fi ta saurin ƙaruwa. Shi ya sa har gobe samari ke ɗaure kaya bayan girbi.

ZUWA GA 'YAN'UWA DA KE BIƊA

Kada ku ce wannan magana ta manoma ce da 'yan lakwal. Kuna cikin muradun nan da kanku. A muradi na 10 akwai sashen da ya ce a kyautata tafiyar masu neman abinci a ƙasashen waje, ta zama cikin tsari da aminci. Akwai kuma wanda ya ce kafin 2030 a rage ladan aika kuɗi gida ya koma ƙasa da kashi 3 cikin ɗari. Kowannenku ya san nawa a ke cire masa in ya aiko da jika goma. Kun san buhu nawa na hatsi kuɗinku ke saya wa gida a watannin da rumbu ya ƙare. Kun san waɗanda su ka tafi Libiya ko Aljeriya ba su dawo ba, Allah shi jiƙansu. In ɗalibi zai rubuta yadda garuruwanmu ke rayuwa bai tambaye ku ba, to, ya bar rabin labarin.

ABIN DA MU KE ROƘO

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwarin kwamiti, taro shi ke da ikon karɓa ko gyarawa.

1. A kowane babban hutu, ƙungiya ta tara ɗalibanmu na jami'a na kwana bakwai a gida. Kowannensu ya gayyato abokin karatu ɗaya wanda ba ɗan ƙasar nan ba. Su taka da ƙafa daga kan tudu har cikin kwari, su bi hanyar da ruwa ke bi.

2. Dattawa maza da mata da su ka yi aikin dutse da dashe su ne malamai a kwanakin nan. A shimfiɗa masu tabarma a gaba, ɗalibai su zauna ƙasa su saurara. A ba su goron malanta kamar yadda a ke ba kowane malami.

3. Ɗalibai su ɗauki maganar dattawa da wayoyinsu, da izininsu, su rubuta ta da Hausa, a ajiye a wurin magatakardan ƙungiya. Wadda ta ɗauki dutse tana da shekara talatin a 1984 yanzu ta haura saba'in. Kowace shekara mu na binne waɗansu, kowa kuma da abin da ya sani a ke rufe shi.

4. Kowane ɗalibi ya yi aikin hannu na yini biyu, gyaran shinge ko haƙar tassa ko dashe. A daidaita kwanakin su haɗa da ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, wadda tun 1975 ita ce ranar dashen itace a Nijar.

5. Duk wanda zai rubuta takardar ƙarshen karatu a kan garuruwanmu, ɗanmu ne ko baƙo, za mu ba shi masauki da abinci da ɗan jagora. Sharaɗi ɗaya ne: in ya gama ya dawo ya karanta mana abin da ya gano, da Hausa, a dandali. Mun gaji da masu zuwa su yi tambayoyi su cika takarda su tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu.

6. Mu da ke koyarwa mun ɗauki alkawari a gabanku, duk lokacin da mu ka zo kan darasin nan za mu kawo misalin Majiya da Keita da Tarka, za mu kuma rubuta wa abokan aikinmu mu sanar da su cewa ƙofarmu a buɗe ta ke ga ɗalibansu.

7. Kuɗin mota da abinci: muna roƙon kowane ɗan ƙungiya da ke biɗa ko ke aikin albashi ya ƙara jika ɗaya a shekara bisa abin da ya saba bayarwa. Ma'aji zai buɗe masa shafi na dabam, a kuma buga lissafin shiga da fita a cikin wannan takarda tamu.

Akwai wanda ya ce mana, yaron da aka sha wahala aka kai jami'a, don me za a mayar da shi ɗaukar dutse? Amsarmu ita ce, yini biyu ba za su hana shi zama babban ma'aikaci ba. Amma ran da ya hau kujera aka kawo masa takardar wani aiki na miliyoyi ya sa hannu, zai tuna nauyin dutsen, zai tambaya wa zai gyara shingen bayan baƙi sun tafi, wa zai ci itacen, ina rabon matan da za su yi aikin. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Muna so yaranmu su shiga ofis su na masu ɗaki.

Game da yaron da mu ka ba ku labarinsa, kashegari da sassafe tsohuwar nan ta sa jikanta ya kira shi, ta kai shi kan tudu da sandarta. Ta nuna masa layin da ƙungiyarsu ta jera, ta kira masa sunayen matan da su ka yi aikin tare, ta ware waɗanda su ka rasu. Sai da rana ta take su ka dawo. Kafin ya koma makaranta ya zo ya same mu, ya ce yana so ya yi takardarsa ta ƙarshe a kan tudun nan. Shi ne ya fara sa sunansa a takardar hutu mai zuwa. Takardar tana hannun magatakarda, iyaye su rubuta sunayen 'ya'yansu kafin a watse, na nesa kuma su aiko da saƙo ta hannun wakilinsu.

Iyayenmu, in mun yi kuskure a gabanku ku gafarce mu, ku gyara mana. Allah shi ba mu damina mai albarka. Allah shi kai matafiya gida lafiya, shi tsare na nesa, shi jiƙan waɗanda su ka riga mu. Allah shi yi wa 'ya'yanmu albarka, shi ba su ilmi mai amfani. Amin.



Kwamitin Ilmi